Laikin da gansakuka: Yadda masu nazari don sha'awa suka auna iskar Birtaniya

Nazarin laikin da gansakuka a fili wani reshe ne na ilimin tsirrai da ya daɗe a hannun mutanen da ba shi ne hanyar cin abincinsu ba. A Birtaniya, inda al'adar ta fi kafuwa, malaman makaranta da limaman coci da masu kantin magani da masaƙa da ma'aikatan gwamnati da suka yi ritaya su ne suka tara mafi yawan abin da aka sani game da inda kowane iri yake fitowa. Mutum zai fita ranar hutu da ɗan madubin ƙara girma rataye a wuya, ya tsuguna gaban katanga ko gindin bishiya, ya rubuta abin da ya gani da wurin da ranar. Wanda ya hango shi daga nesa zai ɗauka kuɗinsa ne suka faɗi yake nema.

Waɗannan rubuce-rubuce, da aka yi ta tarawa fiye da shekara 100, su ne daga baya suka zama ma'aunin da aka gane iyakar ɓarnar da hayaƙin kwal ya yi wa iskar ƙasar, aka kuma ga yadda ta farfaɗo bayan an kafa doka. Darajar aikin tana cikin tsarin rubuta shi, domin abin da aka gani ba a rubuta ba yana tafiya ne tare da wanda ya gan shi.

Halittun da ake nazari

Hausa ta haɗa abubuwa da dama a ƙarƙashin kalmar gansakuka: koren yauƙin da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi, da santsin bakin rijiya, da 'yar koriyar dardumar nan mai laushi da ke fitowa a gindin katanga da damina. Masana tsirrai sun rarrabe su. Ta ruwan dabam take, kuma a nan za a riƙa kiran ta gansakukar ruwa. Wadda ake nufi da gansakuka a wannan maƙala ita ce ta tudu. Idan aka duba ta da madubi za a ga tsiro ce sosai, mai ɗan kara da ganyaye a jere, sai dai ba ta fure, ba ta 'ya'ya, kuma ba ta da saiwa ta ainihi, 'yan zaruruwa ne kawai take maƙalewa da su. Ta jikin ganye take shan ruwa, ganyen kuwa sau da yawa kaurinsa bai wuce na ƙwayar halitta ɗaya ba. Tana yaɗuwa ne da wani iri mai laushin ƙura da ke fita daga ɗan ƙoƙo a kan siririn tsinke. An san ire-irenta wajen 12,000 a duniya. In aka haɗa da dangoginta biyu, wato masu kamar hanta da masu ƙaho, adadin yana kaiwa wajen 20,000.

Laikin kuwa shi ne tabon nan fari-fari ko ruwan toka ko rawaya da ke manne a jikin dutse ko ɓawon bishiya kamar makero a fata. Kalmar daga Girkanci ta fito, kuma a can ma ana kiran wani ciwon fata da ita. Laikin ba tsiro ba ne, hasali ma ba halitta ɗaya ba ce. Zaman tare ne tsakanin fumfuna, wato dangin naman kaza, da gansakukar ruwa ko wasu ƙwayoyin bakteriya masu launin kore da shuɗi. Fumfunar ce ke gina jiki, ta riƙe danshi, ta kare abokiyar zamanta daga zafin rana, ita kuma ta haɗa musu abinci daga hasken ranar. Shi ma an san ire-irensa wajen 20,000.

Simon Schwendener, masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwizalan, shi ne ya fara bayyana haka a 1867, kuma bai ɗauke shi zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ba. Shi a ganinsa fumfunar ubangida ce da ta kama bayi suna yi mata noma. Manyan masanan laikin na zamanin sun yi masa ca, har William Nylander, ɗan ƙasar Finlan da ya fi kowa sanin laikin a lokacin, ya rasu a 1899 bai yarda ba. Schwendener ne ya yi daidai, amma maganar ba ta ƙare ba: a 2016 Toby Spribille da abokan aikinsa sun nuna cewa a ɓawon laikin da dama akwai wani yis da ke zaune a matsayin na uku.

Mai nazari a fili yakan fara da raba laikin gida uku bisa siffa. Akwai mai ɓawo, wanda ke manne kamar fenti, ba ya ɓantaruwa sai da dutsen ko ɓawon bishiyar. Akwai mai ganye, wanda bakinsa ke ɗagowa kamar busasshen latas. Sai mai reshe, wanda ke tsayawa kamar ɗan kurmi ko ya yi reto kamar gemu. Wannan rabe-rabe yana da amfani, domin galibi mai reshe ne ke fara mutuwa idan iska ta ɓaci, mai ganye ya bi shi, mai ɓawo ya rage a ƙarshe.

Dalilin rauninsu a bayyane yake. Ganyen bishiya yana da maiƙon da ke rufe shi, da ƙananan ƙofofin da yake iya rufewa, kuma bishiyar kan zubar da shi ta sake wani. Laikin da gansakuka ba su da wannan kariya. Duk abin da ruwan sama ko raɓa ko iska suka kawo, jikinsu ne ke shanye shi, shekara bayan shekara. Abin mamaki shi ne ta wani ɓangaren babu mai juriyarsu. Suna bushewa ƙamas su yi watanni, a yayyafa musu ruwa su farfaɗo cikin mintoci. A 2005 an fitar da ire-iren laikin biyu sararin samaniya a jikin wani kumbon Rasha, suka yi wajen mako biyu ba iska ba kariya, aka dawo da su da ransu. Abin da bai mutu a can ba shi ne hayaƙin Manchester ya kashe.

Masaƙa, limamai da mai kantin magani

Waɗanda suka kafa harsashin ilimin ma ba malaman jami'a zalla ba ne. Erik Acharius, wanda ake kira uban nazarin laikin, likita ne a ƙaramin garin Vadstena na ƙasar Suwidin. Johann Hedwig, wanda littafinsa na 1801 ya zama mafarin sunayen gansakuka, ya daɗe yana aikin likita kafin ya zama farfesa a Leipzig ta Jamus.

A arewacin Ingila, cikin ƙarni na 19, akwai ƙungiyoyin leburori da masu sana'ar hannu da ke haɗuwa ranar Lahadi, kowa ya zo da abin da ya tsinko, a yi ta faɗin sunayen Latin har wanda bai iya karatu sosai ba ya haddace. Karo-karo suke yi su sayi littafin da mutum ɗaya ba zai iya saya ba. Daga cikinsu aka sami John Nowell, masaƙi a garin Todmorden, wanda iliminsa ya kai har aka sa wa wani jinsin tsiro suna Nowellia. Wanda ya raɗa sunan shi ne William Mitten, mai kantin magani a ƙauyen Hurstpierpoint, wanda daga bayan kantarsa ya zama wanda ake aika wa samfuran gansakuka daga sassan duniya. Shi ne ya tantance tarin gansakukar da Richard Spruce, tsohon malamin lissafi daga Yorkshire, ya ɗebo a shekara 15 da ya yi a Kudancin Amurka.

A 1896 wani limamin coci a Ailan, C. H. Waddell, ya kafa kulob na musayar gansakuka. Tsarinsa mai sauƙi ne: kowane memba ya aika da busassun samfura, a duba sunayen, a rarraba wa saura. Wannan kulob ne ya rikiɗe ya zama Ƙungiyar Nazarin Gansakuka ta Birtaniya a 1923. Takwararta ta laikin an kafa ta ne a 1958, lokacin da masu sha'awar laikin a ƙasar suka ragu ƙwarai. Har yau ƙungiyoyin biyu suna haɗa farfesa da direban bas a fita guda, kuma ba kullum farfesan ne ke fin ido ba.

Yadda ake aikin

Kayan aikin ba su da tsada. Babban cikinsu shi ne madubin hannu mai ƙara girma sau 10, wasu kan ƙara da mai sau 20. Sabon shiga yakan riƙe shi nesa da fuska kamar mai duba agogo. Daidai shi ne a kafa shi dab da ido, sannan a matso da abin da ake dubawa har ya fito sarai, shi ya sa ake ganin masu aikin da goshi manne a jikin bishiya. Sai wuƙa, da 'yar kwalbar fesa ruwa don farfaɗo da busasshiyar gansakuka ganyenta ya buɗe, da fensir, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Samfur a ambulan na takarda ake sa shi. In aka ƙulle shi a leda kwana biyu ya isa ya ruɓe.

Masu laikin suna da ƙarin dabara da Nylander ya shigo da ita a 1866, wato ɗiga sinadari. Laikin yana ƙera ɗaruruwan sinadarai da ba a samun yawancinsu a wata halitta, kuma wasunsu na sauya launi idan wani ruwa ya taɓa su. Ruwa biyu aka fi amfani da su: na fotash, ɗan uwan sodar da ake yin sabulu da ita, wanda ake yi wa alama da harafin K, da bilic ɗin wanki na kasuwa, mai alamar C. Alal misali, ana iya samun laikin rawaya iri biyu a katanga ɗaya. Idan aka ɗiga K, wanda ake kira Xanthoria zai koma ja mai duhu nan take, Candelariella kuwa ba zai nuna wannan ja ba. Duk wanda ya yi sakandare ya taɓa ganin irin wannan, domin rinin takardar litmos da ake gwada asid da ita daga laikin ake samo shi. Ire-iren da madubin hannu da ɗigo suka gaza rabawa sai an kai su gida an yanka siriri an duba a ƙarƙashin na'urar ganin ƙananan halittu.

Zuciyar aikin ita ce rajista, kuma abu huɗu ne ke sa ta inganta: me aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. In ɗaya ya ɓace, sauran ukun sun zama hira. Batun "a ina" ne ya fi ba da wahala a tarihi, domin sunan ƙauye yana sauyawa, iyakar gunduma ma gwamnati na iya matsar da ita. A 1852 Hewett Watson ya raba Birtaniya gida 112 don amfanin masu tsirrai kawai, ya ce waɗannan iyakoki su tsaya yadda suke ko da hukuma ta sake nata. Har yau ana aiki da su, saboda haka rajistar 1870 da ta bana suna magana a kan fili ɗaya. Daga baya aka ƙara tsarin yanka taswirar ƙasa murabba'i-murabba'i, kowanne kilomita 10 tsawo da faɗi, a sa ɗigo a duk murabba'in da aka ga wani iri. Masu gansakuka sun fara nasu shirin a 1960, masu laikin a 1963 a ƙarƙashin Mark Seaward. Kundin taswirorin gansakuka ya fito juzu'i uku tsakanin 1991 da 1994, sabon bugu kuma ya biyo baya a 2014 da ire-ire fiye da 1,000, bisa rajista fiye da miliyan biyu da rabi, mafi yawanta aikin sa-kai.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka bambanta wannan aiki da yawon shan iska. Ta farko ita ce shaida. Wanda ya ce ya ga wani irin gansakuka a gundumar da ba a taɓa ganin sa ba, komai girmansa a ƙungiya, sai ya aika da samfur wani gwani ya duba, a ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, ta yadda bayan shekara 50 mai shakka zai iya buɗe ambulan ya gani da idonsa. Ta biyu ita ce rubuta komai, har da abin da ya cika ko'ina. Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya bi abin da ba a saba gani ba ya tsallake na yau da kullum, amma cikakken jeri ne kaɗai ke nuna abin da babu. Shi ya sa ake buga kati mai ɗauke da gajerun sunayen dukkan ire-iren yankin, mai nazari yana tafiya yana soke wanda ya gani.

Game da ɗiba kuwa, ana son a taƙaita. Wasu laikin ba sa ƙara ko milimita ɗaya a shekara, wato tabon da bai fi tafin hannu ba yana iya girme wa kakan mai kankare shi. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta taɓa wasu ire-iren gaba ɗaya.

Wurin da masu laikin a Ingila suka fi so shi ne maƙabartun tsofaffin coci-coci. A yankunan da noma ya cinye ko'ina kuma babu duwatsu a fili, nan ne kawai ake samun dutse iri-iri da ya shekara ɗaruruwa ba a taɓa shi ba: farar ƙasa, dutsen yashi, marmara, kowanne da laikin da ke son sa. Gefen ginin da ke fuskantar rana da wanda ke cikin inuwa ma ba su ɗauke da abu ɗaya. Ƙari a kan haka, duwatsun kaburburan suna ɗauke da shekara, don haka ana iya ƙiyasta saurin girman tabon da ke kansu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ire-iren laikin ƙasar an same su a irin waɗannan wurare, kuma a nan ba a kankara, da ido da madubi kawai ake aiki.

Ma'aunin iska

Tun a 1859 Leo Grindon ya lura cewa laikin na ƙarewa a kewayen Manchester, ya kuma ɗora laifin a kan hayaƙin masana'antu. A 1866 Nylander ya lissafa laikin da ke lambun Luxembourg a birnin Paris, ya ce ana iya ɗaukar su a matsayin ma'aunin lafiyar iska. Bayan shekara 30 kusan babu ko ɗaya a jikin bishiyoyin lambun. Masana suka riƙa kiran tsakiyar manyan birane hamadar laikin.

Mai kisan shi ne iskar farar wuta da ke fita idan an ƙona kwal. Ita ce kuma ke cin huhun mutane. A watan Disamban 1952 hazo mai haɗe da hayaƙi ya rufe Landan kwana biyar, aka ƙiyasta mutum 4,000 suka mutu a lokacin, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956. Sai dai na'urorin auna iska suna da tsada, kuma a birane aka fi girka su. Ƙauyuka da dazuzzuka ba wanda ya san halin da suke ciki.

A 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka wallafa wani ma'auni a mujallar Nature, inda suka gwama laikin da ke jikin bishiyoyi da alƙaluman na'urori a wuraren da ake da su. Ma'aunin ya tashi daga mataki na 0, inda ɓawon bishiya yake tsirara, zuwa na 10, inda ake samun manyan laikin masu ganye irin su Lobaria. Inda iskar farar wuta ta kai wajen maikirogiram 150 a kowace kubik mita ta iska a lokacin sanyi, kusan laikin ɗaya ne ke rayuwa. Mai gemun nan da ake kira Usnea kuwa ba ya yalwata sai adadin ya sauko ƙasa da 40 ko kusa da haka. Da wannan ma'auni, duk mai ido da madubi ya zama tashar auna iska. A farkon shekarun 1970 aka sauƙaƙa shi aka raba wa dubban 'yan makaranta, suka duba bishiyoyin unguwanninsu, Oliver Gilbert ya haɗa sakamakon ya fitar da taswirar ƙazantar iskar ƙasar, wadda ta yi daidai da abin da masana suka samu.

Labarin laikin ɗayan nan da ke jure hayaƙi ya isa misali a kan amfanin rubuta abin da ya cika ko'ina. Sunansa Lecanora conizaeoides, ɓawo ne kore mai toka-toka da ba ya ɗaukar ido. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 ba a san shi a Birtaniya ba. Zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ya rufe bishiyoyi da shingayen katako a mafi yawan Ingila, domin tsamin da ke kashe saura shi yake so. Da iska ta gyaru sai ya fara ja da baya, har ya zama a wurare da dama sai an neme shi. Ba don wasu sun daure suna soke sunansa a kati shekara da shekaru ba, da ba a san lokacin da ya fara tafiya ba.

A 1981 Rose da Hawksworth suka ba da rahoton cewa laikin na dawowa Landan. Wajen 1990 aka sake ganin su a lambun Luxembourg. Amma waɗanda suka dawo ba lallai su ne waɗanda suka tafi ba. Yanzu abin da ya yi yawa a iska shi ne sinadaran naitirojin, daga salansar motoci da takin zamani da kashin dabbobin manyan gonaki. Su kuma Xanthoria mai ruwan lemo da ɗan uwansa Physcia suke ciyarwa, har rassan bishiyoyin bakin titi da na kusa da gidajen kaji suka koma rawaya. Binciken jama'a da aka ƙaddamar a 2009 a ƙarƙashin shirin OPAL ya zaɓi laikin tara kacal, uku masu gudun naitirojin, uku masu son sa, uku 'yan tsakiya, domin kowa ya iya shiga.

Gansakuka ita ma tana da nata aikin, amma ta wata hanya: tana tara ƙarafa masu guba irin su dalma daga iska. Masana a Suwidin ne suka fara gwada haka a ƙarshen shekarun 1960, kuma tun 1990 ƙasashen Turai ke ɗibar ta duk shekara biyar suna aunawa. A birnin Portland na Amurka, gansakukar jikin bishiyoyi ce ta tona asirin wasu unguwanni da ƙarfen kadmiyom ya yi wa yawa a kusa da masana'antun gilashi, abin da ya fito fili a 2016.

Tsarin yana da rauninsa, kuma masu shi sun san da haka. Taswirar ɗigo-ɗigo takan nuna inda masu nazari suke zaune fiye da inda tsiron yake. Murabba'in da ke kusa da gidan wani gwani zai cika da ɗigo, na can bayan dutse ya zauna fari, ba don babu komai a cikinsa ba. Zuwan wayar hannu da manhajoji irin su iNaturalist ya ninka yawan rajista, ya kuma warware matsalar "a ina" da "yaushe", amma ya tsananta ta "me aka gani", domin ire-ire da yawa hoto ba ya raba su.

Alaƙa da Yammacin Afirka

Wannan yanki ya shiga tarihin tun da wuri, sai dai a matsayin inda ake zuwa ɗiba. A 1796, a ƙasar da yanzu take Mali, 'yan fashi sun tuɓe Mungo Park suka bar shi a daji, bayan ya ga kogin Kwara a Segu. Ya ba da labari cewa wata 'yar gansakuka da idonsa ya faɗa a kai ce ta dawo masa da ƙarfin zuciya har ya tashi ya ci gaba da tafiya. Ba banza ya lura da ita ba: surukinsa James Dickson mai sayar da irin shuka ne a Landan kuma gwanin gansakuka. An gano cewa daga jinsin Fissidens take.

Charles Barter, mai kula da tsirrai a ayarin Baikie, ya ɗebi gansakuka a gaɓar Kwara kafin ya rasu a Raba a 1859. Gustav Mann kuma ya ɗebo daga Dutsen Kamaru. Samfuran nasu sun ƙare a hannun mai kantin maganin nan, Mitten, wanda ya raɗa wa sababbin suna bai taɓa taka Afirka ba. Bayan rasuwarsa a 1906 lambun tsirrai na New York ya sayi ma'ajiyarsa. A ƙarni na 20 Eustace Jones na Jami'ar Oxford ya yi aiki mai zurfi a kan dangin masu kamar hanta na Najeriya, aka buga littafinsa na yankin a 2004 bayan rasuwarsa. Masu bincike a Jami'ar Ibadan su ma sun yi amfani da gansakuka wajen auna ƙarafan iska tun shekarun 1980.

Mai son dubawa a ƙasar nan zai fi samun yalwa a tsaunuka masu hazo, irin su Mambila da Obudu da dajin Ngel Nyaki, inda Usnea ke reto a rassa. A filayen Arewa abin ya fi ƙaranci, amma akwai shi. Baƙin da ke jikin manyan duwatsu irin su Zuma da Kufena yawancinsa ba launin dutsen ba ne, rufi ne na bakteriya masu launi da ƙananan laikin. Gansakuka kuma takan bayyana a gindin katangar da ba ta samun rana da bakin magudana, musamman a Agusta da Satumba.

Tambayar da mazaunin Kano ko Fatakwal zai yi ita ce ko za a iya auna hayaƙin janareta da na Keke Napep da baƙin toka da wannan hanya. Ma'aunin Hawksworth da Rose ba zai yi aiki a nan kai tsaye ba. An gina shi ne a kan ire-iren Ingila da damshinta, a nan kuwa rani mai tsawo da ƙurar hunturu da gobarar daji duk suna hana laikin zama a ɓawon bishiya ko da iska tsarkakakkiya ce. Bishiyar da ba ta da laikin a Katsina ba hujja ba ce a kan hayaƙi. Abin da zai yi ma'ana shi ne kwatanta bishiyoyi iri ɗaya, kamar mangwaro ko darbejiya masu kusan girma ɗaya, daga tsakiyar gari zuwa bayansa, a gefe ɗaya na gangar jikinsu, a kuma maimaita bayan wasu shekaru. Samfuran da aka ɗiba, da ranarsu da wurinsu a jikin ambulan, ana iya kai su ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ko ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.